Shekara uku 'yata tana jami'ar Katolika, ga abin da na gani

Iyaye da dama a nan Tudun Wada sukan tare ni a shago su ce, "Alhaji, kai da ka kai 'yarka jami'ar 'yan Katolika, yaya abin yake?" To ga amsata. Ba zan kama sunan makarantar ba, tunda yarinyar tana can har yanzu, tana aji uku a fannin shari'a.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne ya kai mu can. Wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'in gwamnati suna rufe, mu da jami'a take bakin ƙofarmu. Sai na rufe ido na sayar da wani fegi da nake da shi a hanyar Jos.

Fargabata ta farko addini ce. Alhamdulillahi, tana sallarta, tana azuminta, da lulluɓinta take shiga aji. Karatu kuma ba ya tsayawa.

Amma abin da ya fi shiga raina a gida ya faru. Hutun bara tana taya ni zaman shago, da yamma ta ga na zaro wasu 'yan kuɗi daga aljihu na miƙa wa yaron da ke auna mini shinkafa da suga. Ta yi shiru har ya tafi, sannan ta rage murya ta ce, "Baba, don Allah nawa ne haƙƙinsa a wata?" Na rasa ta cewa, domin ban taɓa yanka masa albashi ba, abin da ya samu nake ba shi. Ta ce an karantar da su wata wasiƙa da Fafaroma Leo na 13 ya fitar a 1891, wadda ta ce ladan ma'aikaci dole ya ishe shi rayuwa ta mutunci, ko da shi da bakinsa ya amince da ƙasa da haka saboda babu yadda zai yi. Ta ƙara da cewa, "Ai mu ma an ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe." Daren nan barci ya ƙaurace mini. Kashegari na kira yaron muka yi tsada, muka rubuta a takarda.

A hutun dai ta zauna a kan tabarma da wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, ta jera mata takardun haƙƙinsa ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta mata wasiƙar nema. Ko sisi ba ta karɓa ba.

Sai ƙorafina, kuma babba ne: kuɗin makaranta. Ita ce ta nuna mini takardar da Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1990 kan jami'o'in Katolika, inda aka ce su nemi hanyar da ilimin jami'a zai kai ga duk wanda zai amfana da shi, musamman talaka. Magana mai kyau. To amma ni fili na sayar. Yaron shagona ya gama sakandare da sakamako mai kyau, me zai sayar? Abin yana damuna ƙwarai. Akwai tallafi, sai dai bai taka kara ya karya ba. Na faɗa wa wani fada, wato limamin cocin Katolika, haka ido da ido ran da na kai ta makaranta. Bai musa ba, ya ce dizal da albashin malamai ne ke cinye kuɗin, gwamnati kuma ba ta ba su komai. Na gamsu da bayaninsa, amma ina roƙon su ƙara yawan guraben tallafi, su kuma riƙa sanar da su har nan Arewa.

Abincin ɗakin cin abinci ma sai a hankali. Duk komawa hutu sai mahaifiyarta ta cika mata jaka da yaji, ƙuli-ƙuli da dambun nama.

Mai hali ya kai ɗansa, ban yi da-na-sani ba. Ƙanwarta kuwa muna nan muna lissafi, don babu sauran fegi.