Kafin ka yi odar garin anod, leƙa tandarku tukuna

Ƴan uwa ɗalibai masu bincike kan fiyul sel na yumɓu (na'urar da ke mayar da gas wutar lantarki) a Zahran da Jidda, in kuɗin bincike ya fito kuna shirin sayen garin anod, wato ɓangaren sel ɗin da ake ba gas, don Allah ku fara duba iya zafin da tandar lab ɗinku ke kaiwa, don gashi ne ke nuna wane gari zai muku aiki.

Garin nikel da YSZ (yumɓun zirkoniya mai itiriya) shi kowa ya sani, shi ma na fi yarda da shi in haidirojin za ka ba sel ɗin. Amma fa yana son wuta, digiri 1300 zuwa 1400, in kuma tare da elektrolait, wato layin YSZ na tsakiyar sel ɗin, za ka gasa to sai wajen 1400 kafin YSZ ya toshe ya daina yoyon gas. Kana zarcewa ƙwayoyin su girma su cure, ƙofofin da gas ke bi su rufe, wuraren da nikel da YSZ da gas ke haɗuwa su ragu, alhali a nan ne wutar lantarkin ke fitowa, in kuma ka yi rowar wuta ƙwayoyin ba su kama juna ba sai anod ɗin ya ɓantare kamar tukunyar da ba ta gasu ba. Tanda mai wayar dumama ta Kanthal ba ta wannan aikin ba ce, nemi mai sandunan silikon kabaid ko MoSi2. Sannan nikel ba ya shiri da metan (babban sinadarin iskar gas), baƙin kabon ke taruwa a kansa, sulfa kuma ta kashe shi, ga shi gas ɗin ƙasar nan ta Saudiyya akwai mai sulfa.

Nikel da GDC (yumɓun seriya mai gadoliniyam) ya fi kyau a sel mai aiki da ƙaramin zafi, sai dai a kan YSZ in ka wuce 1200 GDC da YSZ suna cakuɗewa su haifar da wani layi mai tare wutar lantarki.

LSCM kuwa (yumɓu na lantanam, sitironshiyam, kuromiyam da manganis), wanda Tao da Irvine suka fito da shi a St Andrews a 2003, babu nikel a ciki, yana jure metan, wajen 1200 ake gasa shi. Rauninsa lantarki ba ya gudu a cikinsa kamar nikel, ko kusa.

Ko wanne ka zaɓa tambayi mai sayarwa girman ƙwayar garin, mai laushi ya fi saurin kamawa tun wuta ba ta yi nisa ba. Sayi kaɗan, gasa kashi uku da tazarar digiri 50, ka duba su a madubin ƙara girma kafin ka yi odar kilo.