Ajin Ibrananci ta intanet: malamin ya iya, amma darasin "ahava" ya ƙona min rai

Na biya kuɗi na shiga wani ajin koyon Ibrananci ta intanet, kuma da farko ban yi da-na-sanin biya ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin sarfun Larabci, in ya shiga Ibrananci zai ji kamar gidan maƙwabta ya leƙa. Haruffa 22 ne, daga dama ake rubutu, kuma yawancin kalmomi kan baƙaƙe uku suke zaune. Malamin ya rubuta kaf, tav, bet, ya fitar da katav, wato ya rubuta, da mikhtav, wasiƙa, da ketuba, takardar aure. Nan take kitabu da maktaba suka faɗo min a rai. Ya koma shin, lamed, mem: shalom, shalem mai nufin cikakke, shillem ya biya. Awo bakwai na fi'ili da suke kira binyanim ma ya warware su tsaf. Har na fara tallata shi ga abokai.

Sai ranar da aka zo kan so. Kalmar ita ce ahava, tushenta alef, he, bet. Daga nan ake samun ahav, ya so, da ohev, mai so, da ahuv, wanda ake so. Abin da na biya a koya min ke nan, amma ko minti biyar bai yi a kai ba. Sai ya juya ya ce wai ahava daga hav take, wato "ba da", don haka so bayarwa ce. Ya shiga wa'azi, ya kawo hisabi: haruffan ahava sun tashi 13, ekhad mai nufin ɗaya shi ma 13. Lissafin daidai ne, ban musa ba. Ɗalibai sai turo hoton zuciya suke, ni kuwa datata na ta ƙonewa.

Na ɗaga hannu na ce, Malam, hav ai daga yod, he, bet take, tushe ne dabam, to yaya aka yi ta zama uwar ahava? Ya ce wannan zurfi ne na ruhi, ya kashe min makirfo. Haba! Mutumin da ya gama koya mana kada mu ruɗu da kamannin sauti?

Na rubuta masa ina tambaya ko ahava da hubbu na Larabci dangi ne, shiru. Wata ɗaliba ce ta nuna min cewa ɗan'uwan hubbu shi ne khaviv, daidai da Habibu namu.

Wanda bai san komai ba, zai ƙaru, gaskiya. Amma yanzu da na tuna, ya cire ɗigon wasula daga rubutu tun ba mu iya karatu ba, kuma bidiyon darussan da ya ce zai turo har yau ban gani ba. Zango na biyu kam ba da kuɗina ba.