Tikitin Alƙahira da na yanka wa Inna da katina na naira

Shekara da shekaru, duk tafiyar da za a yi a gidanmu ejan ɗinmu na nan Gombe ne ke yanka tikiti. Ka tura masa hoton fasfo a WhatsApp, ka tura kuɗi, kafin la'asar takarda ta shigo. Da likita ya ce gwiwar Inna sai an dangana da Alƙahira, na duba kuɗin asibiti, barci ya ƙaurace mini. A nan ne na yarda in gwada abin da ƙanena ya daɗe yana cika mini kunne da shi, wato sayen tikiti a shafukan ƙasashen waje.

Da can ko na so babu hali. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya yawancinsu suka rufe ƙofar ruf. A daidai lokacin kuɗin kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ƙungiyarsu ta IATA ta ce a 2023 sun haura dala miliyan 800. Sai suka ɓoye wa kasuwarmu kujeru masu araha. Jirgi ɗaya, kujera ɗaya, amma farashin da ejan ke gani a Gombe daban, wanda mai saye daga Landan ke gani daban. Daga nan shafukan waje suka yi suna. Yanzu an biya yawancin bashin, giɓin ya ragu, kuma tun Yulin 2025 bankuna suka sake buɗe katunan, kowanne da iyakarsa.

Na fara da Skyscanner da Google Flights. Waɗannan dillalai ne kawai, ba su sayar da tikiti, sai dai su nuna maka rumfar da za ka shiga. Na sa Kano zuwa Alƙahira, tunda daga filin jirginmu na Lawanti babu jirgin da zai kai mu. Farashin da ya zo a sama ya sa na gyara zama, ashe sai an yada zango a wata ƙasa an yi zaman awa 14, kuma babu kaya sai jakar hannu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga garin kunu da kuka da daddawa da ta rantse ba za ta bari ba. Na gangara ƙasa na zaɓi mai tafiya kai tsaye, jaka biyu, kilo 23 kowace.

Wajen biya aka sha daga. Katina na Verve bai ma shiga ba, sai Mastercard. Iyakar da bankina ya sa ba ta ɗauki tikiti biyu ba, dole na raba: na Inna da katina, nawa da katin ƙanena. Shafin sayar da tikitin da dillalin ya tura ni ya tambaya ko in biya da naira ko da dala, na buga lissafi na ga canjinsu ya fi na bankina tsada, na zaɓi dala. Sai lambar OTP, wadda banki ke turowa a waya don tabbatar da biya, ta ƙi zuwa. Wanda ya san sabis ɗin Tumfure da dare ya san me nake nufi. Kafin ta shigo lokaci ya ƙare, alat ya nuna an riƙe kuɗi, tikiti babu. Kwana huɗu ina leƙa waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa kafin su dawo, kuma Allah ya taimake ni farashin bai motsa ba.

A karo na biyu komai ya tafi daidai. Ban yarda da imel ɗinsu haka kawai ba. Na ɗauki lambar ajiyar kujera mai harafi shida na saka a shafin kamfanin jirgin, na ga sunan Inna kamar yadda yake a fasfo, na ga lambar tikiti mai alƙaluma 13, sannan na yi ajiyar zuciya. Idan aka kwatanta da farashin ejan, na rage kusan naira dubu 85 a kowane tikiti. Ranar har tsire na sayo wa yara.

Saura mako guda, asibiti suka ɗaga ranar aiki da kwana tara. Na kira kamfanin jirgin, suka ce tunda ba a hannunsu na saya ba, in koma inda na saya. Can kuwa na'ura ce ke amsawa, ka tambaye ta gabas ta ba ka yamma. Lambar wayarsu ta ƙasar waje ce, katin dubu biyar ya ƙare ina sauraren kiɗa. Da na samu mutum, sai ga tarar kamfanin jirgi, ga bambancin farashi, ga nasu ladan a kai, kuma sau biyu, tunda tikitin a rabe yake. Abin da ya yi saura cikin ribar bai biya mana motar Kano ta Dukku da Darazo ba. Keken guragu da za a tura Inna ma ni na bi na nema, abin da ejan kan yi ba tare da an tuna masa ba.

Shafin dai bai cuce ni ba, duk sharuɗɗan suna rubuce da ƙananan haruffan da ban karanta ba. In tafiyar sarin kaya ce, ni kaɗai, rana tsayayya, zan sake komawa. Tafiyar asibiti kuwa na tuba.

Bayan mun dawo na haɗu da ejan ɗin a masallacin Juma'a. Ya riƙe hannuna yana murmushi ya ce, "Alhaji, ya jikin Hajiya? Na ji ka buɗe ofis, ashe mun zama abokan sana'a." Na ce masa likita ya ce a dawo da ita bayan wata shida, zan turo fasfo.