Shagon rigunan sanyi masu gashi a Katangowa: me ya kamata a saya?

Mazaunin Legas da ɗansa ko ƙaninsa ya samu bizar karatu zuwa Kanada ko Ingila, da wuya bai bi ta kasuwar Katangowa ba kafin ya bi ta filin jirgin Ikeja. Ƙanwata ce za ta tafi Winnipeg ta Kanada karatun aikin jinya, garin da sanyinsa kan kai digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu, shi ya sa muka taso daga Agege muka sauka a tashar Super da ke Abule Egba, kusa da kasuwar. Shagon da nake magana a kai yana can ciki, bayan layin masu takalma, ba shi da allon suna. Mai shi wani dattijo ne Bakano da ya fara sana'a da harkar fata kafin ya koma gwanjo, kuma kayan sanyi kaɗai yake sayarwa.

Abin da ya fara ɗaukar idona bangon shagon ne. Ya lilliƙa shafukan tsofaffin mujallun Turawa, duk tallan rigunan gashin dabba: mata sun naɗe cikin gashin mink (wata ƙaramar dabba da ake kiwo don gashinta) da na yanyawa har ƙasa, kowacce tana kallon gefe ita a dole ga mai kuɗi. Na ce, "Alhaji, ba ka sabunta hotunan nan ne? Duk sun koɗe." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, samo mini sabo in liƙa. Yanzu ko kin buɗe mujallar tun daga bango har bango ba za ki ga irinsu ba."

Gaskiyarsa. Masu biyan kuɗin tallan ne suka janye ɗaya bayan ɗaya. Cikin manyan kamfanonin tufafi, Gucci ya sanar da daina amfani da gashin dabba a 2017, Versace da Burberry da Chanel suka biyo baya a 2018, Prada a 2019. A watan Disamba na 2021 mujallar Elle ta ce ba za ta ƙara buga gashin dabba ba, ko a hotunanta ko a shafin talla, a duk ƙasashen da take fitowa. Kafin nan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su PETA sun shafe shekaru suna tsayawa a ƙofar shaguna da wuraren baje kolin tufafi, har saka rigar ya zama abin kunya a titunan Landan. Ga kuma korona: a ƙarshen 2020 Denmark, wadda a lokacin take kan gaba wajen kiwon mink, ta ba da umarnin kashe kusan miliyan 17 saboda cutar ta shiga gonakin. Rigar da aka daina tallatawa, jikoki ba sa son gadonta. Sai su kai ta shagon sadaka, a ɗaure ta cikin dila, ta biyo ta Kwatano ta faɗo Abule Egba.

Shi ya sa a shagon nan za ki ga abin mamaki: doguwar rigar gashi ta asali, wadda wata tsohuwa ta biya kuɗin sayen mota a kanta shekaru arba'in da suka wuce, tana rataye da farashin da bai kai na jaket mai gashin roba ba. Ƙanwata har ta fara shafa wata ruwan ƙasa tana lumshe ido.

A nan ne dattijon ya burge ni, domin shi ya hana ta. Ya buɗa gashin da yatsu biyu ya nuna mana gindinsa: na asali fata ce a ƙasa, na roba kuwa saƙa ce. Ya ce a duba bakin gashin, na dabba yana siririncewa ya yi tsini, na roba a datse yake. Ya tsinko sili biyu ya kunna ashana. Na dabba ya yi ƙaurin babbaka ya zama toka, na roba ya narke ya dunƙule. Sannan ya ce, "'Yata, wannan nauyi gare ta, za ta cinye miki kilo a jirgi, kuma ɗaliba ba ta shiga bas da ita. Ɗauki wadda aka cusa wa gashin agwagwa a ciki, mai hula." Ko masu tambarin Canada Goose, kamfanin rigunan sanyi na Kanada, da ke rataye, bai ɓoye mana cewa yawancinsu jabu ba ne. Kamfanin kansa, da aka sani da gashin wani karen daji a bakin hula, ya sanar a 2021 cewa zai daina.

Ni dai ban ɗauki fatar dabba abin ƙyama ba. A kan buzu kakana ya yi karatu har ya rasu, fatar jar akuyar Sakkwato kuma tun zamanin fataken Sahara ake kai ta Turai. Sai dai dabbar da muka yanka muka ci nama, har gandar ma ba ta tsira ba a garin nan, daban take da wadda aka tsare a keji tun haihuwa don gashinta kawai. Wannan bambancin ya sa raina bai ɓaci ba da tallan ya ɓace.

Inda shagon ya gaza shi ne ajiya. Rufin kwano ne, ga zafin Legas ga laimar damina, kuma gashin asali ba ya jure ko ɗaya. Wasu rigunan sun yi fumfuna a shafi, warin kafur ya kama su, wata ma da na ɗan ja hannunta sai na ji fatar tana ƙara, ta bushe ke nan, kwana kaɗan za ta tsage. Gashi yana zuba a hannu. Bai kamata irin waɗannan su ci gaba da zama a rataye ba, kuma na faɗa masa. Babu madubi, babu wurin gwaji, sai dai ki saka a tsakiyar layi masu baro suna yi miki ihu. Kuɗin farko da zai faɗa ma na tsoratarwa ne, sai kin zauna kin yi ciniki sosai. In an fita da kaya ba a dawowa da su.

Mun ɗauki jaket baƙa mai tsawo har gwiwa, da gashin roba a bakin hula wanda ake cirewa in za a wanke, da safar hannu. Ga mai tafiya ƙasar sanyi shagon ya cancanci kuɗin mota, amma rigunan gashin asali a bar su ga masu shirya fim da masu ɗaukar hoto, su ne ma ya ce suka fi zuwa nemansu. Ki tambaye shi ranar da zai fasa sabuwar dila ki zo da sassafe, ki ja zif sama da ƙasa sau da yawa, ki zura hannu cikin kowane aljihu, sannan ki ɗaga rigar a rana ki ga ko cushen ciki ya tattare wuri ɗaya kafin ki tura masa kuɗi.