Kwana uku a Blakful: na je hutun rawa ni kaɗai

Da ƙawata muka shirya tafiyar nan tun watan Yuni. Tare muke zuwa ajin rawar Turawa ta mutum bibbiyu, na mata zalla, duk Talata da yamma a wani zauren unguwa a nan Manchesta, shekara ɗaya da rabi ke nan, tun da likita ya ce hawan jinina yana son motsa jiki. Saura mako biyu mu tafi mahaifiyarta ta kwanta asibiti, dole ta fasa. Na ɗauki waya ni ma zan fasa, sai 'yata ta riƙe mini hannu ta ce, "Umma, tun rasuwar Abba ba ki kwana ko'ina ba sai gida da wurin aiki. Don Allah ki je." Na ce mata, "To wa zai yi rawa da ni?" Amsar wannan tambayar nake son rubutawa, saboda na san akwai masu irin tunanina.

Abin da na biya wa shi ne kwana uku, Juma'a zuwa Litinin, a tsakiyar Oktoba, a wani otal da ke Blakful, wani garin shaƙatawa a bakin teku a Ingila. A ciki akwai karin kumallo da abincin dare, darasi biyu kowace safiya, rawar haɗuwa kowane dare, da yini guda a zauren rawa na Hasumiyar Blakful. Fam 365 ne ga wanda zai raba ɗaki da wani. Da ƙawata ta janye, kamfanin da ya shirya tafiyar ya ƙara mini fam 75, wai kuɗin zama ɗaki ni kaɗai. Ban yi gardama ba, haka al'adar otal take a Ingila. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ɗakin da suka ba ni bayan na biya ƙarin: ɗan tsukukun ɗaki a bayan gini, saman kicin, fankar fitar da hayaƙi tana gurnani har sha ɗayan dare. Ma'aurata suna gaba suna kallon teku. Wanda ya zo shi kaɗai ya fi kowa biya, kuma shi aka tura lungu. Wannan ba adalci ba ne, na kuma faɗa musu.

Kafin in tafi na rubuta musu cewa ni Musulma ce, ba na rawa da maza, ko hakan zai kawo cikas? Matar da ta amsa ta ce kada in damu, mata sun fi maza yawa a kusan duk tafiyar da suke shiryawa, kuma mace ta yi rawa da mace abu ne da aka saba gani. Gaskiya ta faɗa. Na ƙirga mu a daren farko: mu 46 ne, 30 sun zo bibbiyu, mu 16 mun zo ɗai-ɗai, kuma a cikinmu maza uku ne kacal. A tallarsu sun ce za a kawo ƙwararru huɗu waɗanda aikinsu shi ne su yi rawa da marasa aboki. Biyu muka gani, namiji da mace.

Daren Juma'a ya yi mini nauyi, ba zan ɓoye ba. Wajen cin abinci sun kyauta, sun haɗa mu marasa aboki a tebur biyu, hira ta yi daɗi. Amma da aka kunna kiɗa kowane miji ya kama hannun matarsa, maza ukun nan aka yi musu caa, mu kuma muka jeru a kujeru. Na kai minti arba'in a zaune da takalmin rawa a ƙafa. Ƙwararriyar ta zo ta ɗauke ni rawar wals sau ɗaya, ta mayar da ni, ta wuce ga ta gaba. Mutum biyu ba za su iya da mata goma sha uku ba. Tara da rabi na haura ɗaki, na yi sallar isha'i, na kwanta ina tunanin jirgin ƙasan safe. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne zuwa gida.

Safiyar Asabar ce ta sauya komai. Malamar da ke ba mu darasi ba ta ce maza nan, mata can ba. Cewa ta yi masu ja su tsaya dama, masu bi su tsaya hagu, duk macen da ke son gwada ja ta tsallako, don layin ya yi gajere. A irin wannan rawar mutum ɗaya ne yake zaɓar takun da za a yi da inda za a nufa, ɗayan yana karanta jikinsa yana bi. Bisa al'ada namiji ke ja. Na tsallaka, mu mata huɗu. Nan take matsalata ta warware, domin duk bayan minti biyu ko uku malama takan ce a sauya aboki, masu bi su matsa gaba, ni kuwa ina tsaye mata ne kaɗai ke zuwa wurina. Ban sake buƙatar yi wa kowa bayani ba.

Ja yana da wuya fiye da yadda na zata. Hannunki na dama yana kan allon kafaɗar abokiyarki, na hagu yana riƙe da damanta, gwiwar hannu a ɗage, ba a sakin ta ko an gaji. Duk takun da na haddace a shekara ɗaya da rabi sai da na juya shi, inda na saba ja da baya yanzu gaba nake yi. Ga shi kowa a fili yana zagayawa ta fuska ɗaya, saɓanin tafiyar hannun agogo, kuma mai ja ce za ta lura kada a yi karo, tunda abokiyarta da baya take tafiya, ba ta ganin inda za ta. Amana ce a hannunki. Malama ta yi ta nanata mana cewa ba da hannu ake tura mutum ba, ƙirji ne ke fara motsi, hannu ya biyo. Wals mai ƙirga uku ya zauna mini kafin azahar. Rawar fokstirot ma na ɗan kama. Kwiksitef kuwa, wato rawa mai sauri, darasin ya fi ƙarfin rabin ajin, sun haɗa sababbi da waɗanda suka shekara ashirin suna yi, malama ta bi gudun na gaba. Ya kamata a raba aji biyu.

A layin nan na haɗu da wata dattijuwa 'yar shekara 78 daga Yokshaya, mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce. Ta ce tun tana budurwa take zuwa Blakful rawa, a nan ma suka haɗu. Da ta zo hannuna ta ce, "'Yata, daina kallon ƙafarki, tana nan ba ta gudu ba. Kalli inda za ki kai ni." Ta fi ni iya takun nesa ba kusa ba, amma ko sau ɗaya ba ta ƙwace ja daga hannuna ba. In na yi kuskure sai ta bi kuskuren, mu wuce. Daren Asabar ban zauna ba sai don shan ruwa. Matan da muka jeru tare jiya su ne suke zuwa suna tambaya ko ina da wata a rawa ta gaba.

Ranar Lahadi aka kai mu Hasumiya. Tsayinta mita 158, an buɗe ta a 1894, zauren rawar kuma Frank Matcham ne ya tsara adonsa a 1899. Na sha ganinsa a talabijin, don shirin gasar rawa na BBC yakan je can a watan Nuwamba, amma hoto bai isar da shi ba. Baranda hawa-hawa masu ruwan zinariya, rufi cike da zane, manyan fitilun ƙarau suna reto. Gobara ta ci shi a 1956, aka shafe shekara biyu ana mayar da shi yadda yake. Daɓen katako ne, guntaye fiye da dubu talatin aka jera, kuma yana ɗan lotsawa ƙarƙashin ƙafa, shi ya sa bayan awa uku gwiwata ba ta yi tsamin da take yi a zauren unguwarmu ba. Sai ogan ɗin Wurlitzer, wani babban kayan kiɗa mai kama da piyano, ya ɓullo daga ƙarƙashin dandamali da makaɗinsa a zaune yana kaɗawa. Makaɗin ogan Reginald Dixon ya yi shekara arba'in a kan wannan kujerar, daga 1930 zuwa 1970, dattijuwar nan ta ce da kiɗansa ta fara rawa a zauren.

Wurin a buɗe yake ga duk wanda ya sayi tikiti, don haka mun cakuɗu da mutanen gari. Na ga mata bibbiyu suna rawa ta ko'ina, ba wanda ya ɗaga ido. A can na fahimci amfanin rawar jeri, wadda kowa a fili yake maimaita taku iri ɗaya a lokaci ɗaya. Ga wanda ya zo shi kaɗai babu kamarta, domin ko ba ki san takun ba sai ki kalli na gabanki, zagaye na uku kin kama. Muka sha shayi da kek a gefen fili, muka koma. Da dare na hau taragon lantarki na bakin teku ni kaɗai, na kalli fitilun adon da garin yake kunnawa duk kaka, iska mai sanyi tana kaɗawa daga teku. Ban ji kaɗaici ba.

Ga 'yan uwa mata da za su tambaya: babu naman halal a otal ɗin, kifi da ganye na ci kwana uku, kuma sai na tambaya ko an sa giya a ƙullun da ake soya kifin, don wasu wuraren suna sawa. Ana sayar da giya a gefen zauren otal, ko da yake yawancin masu rawa ruwa na ga suna sha. Salla ba ta ba ni wahala ba, darasi yana ƙarewa sha biyu da rabi, ɗakina yana sama. Doguwar riga ta tsaya a idon sawu, in ta ja ƙasa dunduniyar takalmi za ta kama ta. Mayafi mai faɗi ba ya zama, ƙaramin hijabi mai kama kai na sa. Takalmin rawa mai tafin fata mai laushi a jaka ake ɗaukar sa, kada a taka waje da shi, ruwan saman Blakful zai lalata shi.

Wadda ba ta taɓa shiga aji ba ko sau ɗaya, ban ba ta shawarar ta fara da wannan ita kaɗai ba, ta yi ko wata uku tukuna. Kafin ki biya kuma ki sa su rubuta miki ƙwararru nawa za su zo, ko ana sauya aboki a darasi, da irin ɗakin da ƙarin kuɗinki zai ba ki. Da na dawo na aika musu ƙorafi kan ɗakin da kuma ƙwararru biyun da ba su zo ba. Sun ba da haƙuri, sun mayar mini da fam 30. Na karɓa, na kuma sa sunana a tafiyar watan Maris, da sharaɗin ɗakin gaba a rubuce. Ƙawata ta ce in Allah ya ƙara wa mahaifiyarta sauƙi tare za mu je. Talatar da ta wuce na roƙi malamarmu ta bar ni a layin masu ja.