Murhun da ya ƙi tukunyar tuwona: wata bakwai ina girki da indokshin

Saura kwana huɗu a ɗauki azumi na sayo shi a Adum, nan cikin garinmu Kumasi. Tsoron sahur ne ya kai ni. A bara sau biyu gas yana ƙare mini da ƙarfe uku da rabi na dare, ga shinkafa a wuta ko tafasa ba ta yi ba, na koma fifita gawayi a kurfoti a tsakar gida, hayaƙi yana shiga ɗakunan mutane. Na ce bana ba da ni ba. Mai shagon ya jera mini iri uku, na ɗauki na tsakiya: kai ɗaya, baƙin gilashi a sama, an rubuta wat 2000 a gindinsa. Kuɗinsa bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Indokshin ya kira shi. Bai ce mini uffan a kan tukunya ba, ni ma ban tambaya ba, don tunda nake ban taɓa jin murhun da ke zaɓen tukunya ba.

Ina isa gida Aboabo na jona shi, na ɗora tukunyar miya, na danna. Sai ƙara, ɗit, ɗit, ɗit, da wani harafi yana ƙyalli, can ya kashe kansa. Na sauya tukunya, haka. Na ɗauko dadesen, tukunyar da nake tuƙa tuwo, haka. Har na mayar da shi kwali ina shirya maganar da zan yaɓa wa mai shago, sai ga ɗan wana da ke karatun lantarki a jami'ar Kwame Nkrumah ya shigo gaisuwa. Ya leƙa kwalin, ya dubi tukwanen da na baje, ya ce, "Goggo, murhunki lafiyarsa ƙalau. Tukwanen ne ba nasa ba."

Ya ɓalle mayen ƙarfe daga lasifikar wata matacciyar rediyo, ya bi tukwanena yana manna shi a gindin kowace. Cikin goma sha ɗaya biyu kaɗai ya kama: butar shayi ta silba, da wata tsohuwar samira ta kayan aurena wadda na daɗe da mayar da ita ma'ajiyar daddawa. Muka wanke samirar, muka zuba ruwa. Kafin ya ɗora sai ya yagi takarda daga littafinsa ya shimfiɗa a kan gilashin, ya aza samirar a kanta. Na ce yaron nan gobara za ka jawo mana a gidan haya. Ruwa ya tafasa yana ɓararraka, ya ɗaga samira ya zare takardar ya miƙo mini. Ta yi ɗumi, amma ko baƙi ba ta yi ba.

A nan na zauna ya yi mini karatu, kuma na gane, har yanzu nake iya maimaitawa. Murhun shi kansa ba ya yin zafi. A ƙarƙashin gilashin akwai wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe kamar faifai. Wutar da ke shigo mana gida tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, shi kuwa na'urar cikinsa tana mayar da ita fiye da sau 20,000. Duk wayar da wuta ke bi tana haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, idan kuma ƙarfin yana jujjuyawa da irin wannan sauri, duk ƙarfen da ya matso kusa sai wata wutar ta tashi a jikinsa tana zagaye. Gindin tukunya ne wannan ƙarfen. Wutar na son wucewa, ƙarfen na turjewa, turjiyar ce ke zama zafi. Wato tukunyar ce murhun. Takarda ba ƙarfe ba ce, shi ya sa babu abin da ya same ta sai ɗumin da samira ta ba ta, ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 yana tafasa, takarda sai ta haura 200 take kamawa. Ya dai gargaɗe ni kada in gwada wasan da man suya. Alminiyam kuma, irin na sauran tukwanena, inji shi, maye ba ya kama shi, sannan wuta na bi ta jikinsa salin-alin ba turjiya, sai murhun ya ɗauka ba a ɗora masa komai ba.

Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano wannan alaƙa ta maganaɗisu da lantarki a 1831, kuma da ita ake samar da wutar tun daga tushe. A Akosombo ruwan Volta ne ke gangarowa ya juya manyan injuna, su juya maganaɗisu a tsakiyar wayoyi, wuta ta tashi. Dabara ɗaya ce a can da nan, a can ta haifi wutar, a nan ta dafa mini koko. Abin da ya ba ni dariya, madatsar nan da Nkrumah ya buɗe a Janairun 1966, babban dalilin gina ta shi ne ba masana'antar narka alminiyam ta Tema wuta. Yau ga wutar ta iso ɗakin girkina ta ce ita ba ta san alminiyam ba. Da na faɗi haka yaron ya ce ai yanzu mafi yawan wutar Gana ma da iskar gas ake yin ta, a Aboadze da Tema, har da nan Anwomaso kusa da mu. Ashe dai ban rabu da gas ba, wurin ƙona shi ne ya yi nisa da girata.

Wajen sauri ban da abin cewa. Na auna da agogon waya: ruwa lita biyu minti shida da ɗoriya, a kan gas ɗina kuwa sai na ba shi sha biyu. Dalili a fili yake ga duk wadda ta taɓa tsayawa gaban murhun gas a zafin watan Maris. Harshen wutar yana lasar gefen tukunya ya wuce, ya gasa hannunki da bangon ɗaki, abin da ke shiga abinci bai kai rabi ba. A nan kuwa zafin a jikin tukunyar ake haifarsa, mafi yawansa a ciki yake zama. Duk azumin nan da shi na yi shayi da koko da ɗumamen sahur, ban yi gumi ba, ban tashi maƙwabta ba. Gindin tukunya ba ya baƙi. In miya ta zube, tsumma ɗaya ya wadatar, sai dai a jira, don gilashin yana ɗaukar zafi daga tukunya, ya taɓa lasa mini yatsa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Gidanmu ɗaki tara ne, mita ɗaya, kuma kamar yawancin gidajen haya na zango da foyin ake raba kuɗin wuta: ƙwai foyin ɗaya, fanka ɗaya, talabijin kaza, firji kaza. Sati biyu da zuwan murhun kati ya ƙare kafin lokacinsa, ido ya dawo kaina. Mai gidan ya kira ni zaure ya ce, "'Yata, abin nan naki foyin nawa za mu sa masa?" Na ce Baba Alhaji a sa uku. Ɗan wana yana gefe, ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa izini. Yunit ɗaya, inji shi, wat 1000 ne na tsawon awa guda. Murhun wat 2000 in an ƙure shi, rabin awa ya cinye yunit. Ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci haka. Wato muddin yana ƙure, daidai yake da ƙwai 200. Alhaji ya cire hula ya mayar. Ni kuwa na harari yaron, na ce a raina wannan da ɗan kishiya ne da na ce da gayya ya yi.

Gaskiya dai ya faɗa, kuma shi ya kawo mafita: wata 'yar ƙaramar mita da ake sa wa a soket, murhun ya bi ta cikinta. Ƙarshen wata a karanta, in biya nawa daban. Yunit 40 nake ci, ko sama da haka kaɗan. Tukunyar gas mai kilo 14.5 da a da ba ta kai mini wata biyu, yanzu tana haura uku. In an haɗa lissafi akwai ɗan sauƙi, amma ba irin wanda zai sa mace ta shiga adashi da rarar ba.

Wauta ɗaya tawa ce. Na jona shi a doguwar wayar nan mai arha da muke cajin waya da ita. Kwana uku na ji ƙauri, na duba, robar ta narke ta manne da leda. Wutarmu bolt 230 ce, murhun yana jan kusan amfiya 9, siririyar waya kuwa turjewa take yi, kuma na riga na san abin da turjiya ke haifarwa. Yanzu soket ɗinsa daban a bango, mai fiyus 13.

Sauran laifuffukan nasa ne. Ba ya iya ƙaramar wuta. In na rage shi ƙasa sosai, sai ya dinga kunnawa da ƙarfi yana kashewa, miya ta yi ɓul-ɓul ta yi shiru, ta sake. Shinkafa da wake da ke son turara a hankali sau biyu yana yi mini ƙanzo, zagaye guda a tsakiya daidai faɗin wayar da ke ƙasa, gefe kuma da sauran tsatstsafa. Sai da na sayo tukunya mai kaurin gindi a kasuwar Kejetia abin ya yi dama, ita ma da maye a jaka na je, ina manna wa kayan mutane suna kallona, don ba kowace silba yake kamawa ba. Fankar cikinsa tana da ƙara, kuma kyankyasai na son ɗumin ramukan iskar, dole kullum in kakkaɓe in rufe. Da magariba in wuta ta yi rauni a unguwa yakan nuna harafi ya ƙi tashi. In kuwa aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, ana tsakar girki, a take tafasa ke tsayawa, babu garwashin da zai ƙarasa miki. Cokali ko murfin ƙarfe da aka manta a kansa yana ɗaukar zafi, kuma takardar cikin kwali ta ce mai na'urar bugun zuciya ya tambayi likita kafin ya kusance shi.

Tuwo kuwa mun gwada sau ɗaya mun haƙura da juna. Talge ya yi kyau. Da aka zo tuƙi, tukunya ta shiga sulɓi a kan gilashi, ba wurin da zan taka ta da ƙarfe kamar yadda muke yi wa dadesen a kurfoti. Na karkata ta in kwashe gefe, ya yi ɗit ya ɗauke, wai an sauke. Ga tsoron kada muciya ta fasa gilashin. Tuwon ya fito da gudaji, surukata ta ɗaga loma ɗaya ta ajiye ta ce, "Wannan na injin ne ko?"

Wadda ke da mitarta ita kaɗai, ko ɗalibi, ko mai fita aiki da asuba da ke son ruwan zafi da ɗumame cikin minti goma, ta saya, ta kuma ware kuɗin tukunya biyu a kan kuɗinsa. Mai dafa wa mutum goma sha biyar, ko mai waakye, wato shinkafa da wake, ta sayarwa, kada ta ɓata kuɗinta. Ni nawa yana nan kan teburi kusa da taga, samira a kansa, daddawa ta koma gwangwanin madara. Kurfoti na mayar da shi bakin ƙofa, don ranar Juma'a surukata ke zuwa.