Pendragon: wasan da ke tilasta maka ɗaukar halin mutanen zamanin da

Duk mai neman wasan tebur, irin wanda kowa ke riƙe da mutum ɗaya a cikin labari wani kuma na jan labarin, da zai bar shi ya zama mutumin kirki irin na zamaninmu sanye da sulke, toh Pendragon ba nashi bane, gara in faɗa tun farko kar mutum ya ɓata kuɗinshi. Ni PDF na bugu na 5.2 na saya, na kai shagon kwamfuta aka buga min shafukan da muke yawan dubawa, kuma mun daɗe muna buga shi da abokai, ni ne mai jan labarin. Wani Ba'amurke Greg Stafford ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Chaosium ya fara fitar da shi a 1985, labarin kuma a Birtaniya ta zamanin Sarki Arthur yake. A wasan kai barde ne ɗan shekara 21, ka gaji gandun ubanka a yankin Salisbury, ka yi mubaya'a ga ubangidanka Roderick, shekara ta 485 ce Uther mahaifin Arthur na kan karaga kuma 'yan ƙabilar Sakson na ta kawo hari daga gabas.

Mu da Dungeons & Dragons muka saba, shi ma wasan tebur ne irin wannan, kuma a can maganar hali ba ta da nauyi sosai. Akwai akwatuna tara, ka zaɓi ɗaya, mai kirki ko mugu, mai bin doka ko mai bijirewa, ka rubuta a takarda shikenan sai ka ci gaba da yin abun da ranka ke so. Shi yasa za ka ga gari mai sarki da ganuwa da takubba amma kowa a ciki tunaninshi na ɗan birni ne na yau, ba wanda ya yarda wani ya fi wani a haihuwa, ba wanda zai mutu saboda rantsuwa. A 2020 ma masu kamfanin wasan sun sanar cewa za su daina nuna wasu jinsunan halittu na cikin wasan kamar su orc a matsayin miyagu tun daga haihuwa, kuma ni ban ga laifin wannan ba, daidai ne da irin duniyar da suka gina.

Pendragon kuwa hali shine injin wasan gaba ɗaya. A takardarka akwai halaye 13 kowanne da kishiyarshi, tausayi da mugunta, yafiya da ramuwa, kyauta da son kai, gaskiya da yaudara, tawali'u da girman kai, jarumta da tsoro, da sauransu, kuma kowane biyu in ka haɗa 20 suke bayarwa, wato in tausayinka 7 ne toh muguntarka 13 ce ba yadda za ka yi. In abu ya taso sai a jefa dayis mai fuska 20, in ya faɗo daidai da lambarka ko ƙasa da ita halin ya motsa. Wanda ya kai 16 kuwa an san ka da shi a duk ƙasar, kuma a nan ne zaɓi ke fara kuɓuce maka. Bayan wannan akwai abubuwan da zuciyar barden ta ƙulla, biyayya ga ubangida, son dangi, haƙƙin baƙo, mutunci, sai kuma ƙin 'yan Sakson wanda kusan kowane ɗan Salisbury da shi ya tashi.

Akwai ranar da aka gama artabu a bakin wani rafi, wani ɗan Sakson ya jefar da gatarinshi ya durƙusa. Abokina da ke riƙe da barden ya ce a ɗaure shi a tafi da shi, amma ƙiyayyar bardenshi ga Sakson 17 ce saboda su suka kashe mishi uba, tausayinshi kuma 8. Na ce ya jefa, tausayin ya faɗi, ƙiyayyar ta ci. Ya ajiye dayis ɗin ya ce wallahi ni ba zan kashe wanda ya miƙa wuya ba, wani a gefe ya ce ai malam ba kai bane, shi ne, kuma kai ka yi ta ƙara mishi wannan ƙiyayyar duk sanda kake son ƙarin 10 a takobi. Wannan maganar gaskiya ce, domin in ƙiyayyar ta motsa a fagen yaƙi ƙarin 10 take ba ka a gwanintarka, kowa na jin daɗinta a lokacin, sai ranar biya ta zo. Musu aka yi sosai har shayi ya huce, a ƙarshe ya yarda barden ya sare mutumin, daga nan kuma ya shafe shekarun wasan da suka biyo baya yana neman duk wata dama ta yafiya don ya ɗaga tausayin nan, har ya gina ƙaramar majami'a a gandunshi. Ban taɓa ganin ɗan wasa ya damu da ran wani da ba a ma sa mishi suna ba kamar haka, kuma ban ga yadda hakan zai faru ba a wasan da kai kaɗai ke yanke hukunci kullum.

Haƙƙin baƙo ma haka yake, sai dai shi bai ba mu wahalar ganewa ba tunda mun tashi muna jin baƙonka annabinka. Maƙiyinka in ya shigo zaurenka ya ci abincinka toh ba ka isa ka taɓa shi ba sai ya fita, in ka karya wannan mutuncinka zai zube, kuma in ya zube da yawa ba ka cancanci a kira ka barde ba. Wani abu da ya burge ni kuma shine nagarta ba iri ɗaya bace ga kowa. Barden Kirista ana yaba mishi kamun kai da tawali'u, wanda ke bin addinin gargajiyar Birtaniya kuwa alfahari da kyauta da faɗin gaskiya ne adonshi, sai ka ga mutum biyu a ƙarƙashin tuta ɗaya kowa na ganin ɗan'uwanshi a karkace.

Inda nake da ja da wasan shine talakawa. Ɗabi'ar da ake ta kira ta zamanin da, in ka duba da kyau ta masu doki ce kawai, irin yadda su suka so a ba da labarinsu. Barde in an kama shi ana tsare shi da mutunci a jira kuɗin fansa, sojan ƙasa kuwa ba mai tambayar inda ya ƙare. Manoman da ke ciyar da kai da dokinka a lissafin kuɗin shiga kawai suke fitowa. Halaye shida ake haɗawa, himma, kyauta, adalci, tausayi, tawali'u da jarumta, in sun kai 80 an ɗauke ka cikakken barde har da ƙarin makin ɗaukaka 100 duk shekara, amma za ka iya kai wannan matsayin ba tare da ka taɓa sanin sunan ko mutum ɗaya a ƙauyenka ba. Toh ni gaskiya na sa hannu a nan, duk ƙauyen da ke ƙarƙashin ɗan wasa sai na ba shi mai unguwa da maƙeri da wata tsohuwa mai baki, in za a kai farmaki a ƙona rumbunan wasu sai an ga fuskokin masu rumbun. Ban hana su ƙonawa ba, zamanin haka yake, kawai dai ba na bari abun ya wuce a matsayin lamba.

Sai maganar mata. Kowace shekarar wasa tana ƙarewa da lokacin hunturu, a nan ake duba tsufa da aure da dawakai da haihuwa domin in bardenka ya mutu ɗanshi za ka ɗauka, babban littafin labarin da ya fito a 2006 ma daga 485 har 566 yake tafiya, jikoki ne ke ƙarasa shi. A jadawalin haihuwar akwai lambar da in ta faɗo matar ta rasu wajen naƙuda, jifa ɗaya an wuce. A teburinmu akwai wanda wannan ya taɓa faruwa a gidansu da gaske, don haka tun kafin mu fara na tambayi kowa abun da ba ya so ya gani, muka cire wannan layin, kuma wasan bai ragu da komai ba. Barden zai iya zama mutumin 485, amma mu da muke zaune muna fuskantar juna mutanen yau ne kuma sai mun kula da juna. Mace barde ma littafin ya bar wa mai jan labari zaɓi, mu mun buɗe, 'yar'uwar ɗaya daga cikinmu ce ma ke da ɗaukaka mafi yawa yanzu.

Wanda zai fara yau inaga ya nemi akwatin masu farawa na bugu na shida da ya fito a 2023, ya fi sauƙin shiga. Turancin littafin yana da ɗan nauyi saboda kalmomin sarauta da na kayan yaƙi, don haka mai jan labari ya zauna ya karanta sashen halaye sau da yawa kafin zaman farko, kuma ya gaya wa mutanenshi tun ranar cewa wani lokacin dayis zai sa barde ya yi abun da su ba za su yi ba.